Karyar Tunau da Masaukin Gindin Gawo

Ku matso kusa, ba na son ɗaga murya. Ke Asabe, bar tsifar nan sai da safe. Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka kada wanda ya amsa min. Ku dai saurara.

Kun san Baba Tunau, ƙanen Kaka, wanda ya rasu shekarar ambaliya. Ku kun tarar da shi tsoho mai shiru-shiru. To a ƙuruciyarsa gadin gonaki yake yi, kuma ban taɓa jin mutum mai zargi irinsa ba. In ka yi masa sallama, sai ya duba hannunka kafin ya amsa. In ka ba shi goro, sai ya ɓare ya shinshina. Rai ɗaya tak ya yarda da shi a duniya, shi ma ba na mutum ba ne. Karyarsa ce, Kwalli.

Ja ce siririya, da baƙin zane kewaye da idanunta kamar an rambaɗa mata kwalli. A kan juji ya tsince ta tana 'yar mitsitsiya. Ba shi da mata a lokacin, ba shi da ɗa. Abin da ya ci, shi take ci. In kana son ganin haƙoran Tunau a waje, to ka leƙa shi yana cire mata kaska.

Wata damina aka yi masa hanyar aiki a wani ƙauye can bayan duwatsu, Tungar Ɓaure, inda birai suka addabi wani manomin masara. Tafiyar kwana biyu ce a ƙafa. Mota kam akwai, amma duk direban da ya ga Kwalli sai ya girgiza kai ya ja motarsa. Ga ta kuma da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Tunau ya rataya jakarsa, ya ɗauki adda da gorar ruwa, suka kama hanya.

Daren farko a cikin kwalbati suka kwana. Rana ta biyu da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Kwalli ta fara jan ƙafa. Ta tsaya ta yi haki, ta tona ƙasa a gindin sabara, ta tashi, ta sake tonawa a gaba. Tunau ya san alamar. Ya kuma san in ta haihu a fili cikin ruwan marka, ba ita, ba 'ya'yan.

Ƙauyen da suka fara isa, ya nufi ƙofar mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, masauki nake nema. Kwana ɗaya."

"Ga zaure nan. Baƙo ba ya kwana a waje a garin nan."

"Ina tare da ita."

Mai unguwa ya leƙa bayansa, ya ga Kwalli.

"A zauren nan muke sallah, malam. Ɗaure ta a bayan gari."

"Haihuwa za ta yi."

"Allah Ya sauke ta lafiya. A bayan gari."

Ni ban ga laifin mai unguwa ba, kowa ya san yadda muke da kare. Amma Tunau ya ji zafin abin har ransa. Ya gwada barandar makaranta, maigadi ya ce an hana shi. Ya gwada rumfunan kasuwa, 'yan sintiri suka ce shi ya kwana, ita ta yi gaba. Ko'ina maganar ɗaya ce: kai mun karɓe ka, ita a'a.

Can bayan gari ya hangi ruga. Bai kai ga shingen ba karnuka uku suka taso masa, kowanne ya yi biyun Kwalli. Wani dattijon Bafulatani ya fito ya tsawata musu.

"Ko na yarda, waɗannan ba za su yarda ba," in ji shi. "Bi burtalin nan. In ka ƙetare rafi akwai tsohuwar bukkar masu gona, ba kowa a ciki. Amma kada ka tsaya kafin rafin."

"Me ke akwai kafin rafin?"

"Babu komai."

"To me zai hana ni tsayawa?"

"Babu komai ɗin," in ji dattijon, ya juya ya shige.

Magariba ta kawo kai. Yayyafi ya fara. Burtalin duk taɓo, ƙafa na nutsewa har idon sawu. Ba su yi nisa ba Kwalli ta kwanta, ta ƙi tashi. Tunau ya sunkuya ya saɓa ta a kafaɗa kamar akuya. Yana jin cikinta na murɗawa a bayan wuyansa.

"Sannu da hanya, mai ciki."

Daga bayan kunnensa muryar ta fito. Ya waiga, ba kowa. Ya juyo, sai ga ta a gabansa: wata 'yar tsohuwa, ƙanƙanuwa, da ɗaurin itace a ka. Ba shi take kallo ba. Kwalli take kallo.

Ku tsaya ku ji. A ƙasar nan, wa ya taɓa gaida kare ya bar mai shi?

Tunau ya duba hannunta, kamar yadda ya saba. Sannan ya duba ƙafarta. Shi taɓo har ƙwauri. Ita ƙafarta tas, a bushe, kamar yanzu ta shafa mai. Ya kai ido bayanta, inda ta biyo. Babu sawu ko ɗaya.

"Masauki kuke nema," in ji tsohuwar.

"Wa ya gaya miki, Iya?"

"Ita."

Kwalli ta yi gurnani ƙasa-ƙasa, gashin bayanta ya miƙe. Sai gurnanin ya koma nishi.

"Mu ba ma ƙyamar kare," in ji tsohuwar. "Ga zangonmu can."

Kada ku ɗauka bai gane ba. Ya gane sarai. Amma a daidai lokacin faya ta fashe, ruwa mai ɗumi ya gangaro masa ta cikin riga. Rafin kuwa ko ƙararsa ba a ji. Ya dubi sama, ya dubi hanya. Ya yi bisimilla a zuci, ya bi bayanta.

Abin da ya fara gani shi ne gawo. Ku 'yan birni ba ku sani ba: gawo da damina yake zubar da ganye, ya tsaya tsirara sai rani. Wannan kuwa ga shi luf-luf da ganye a tsakiyar marka. A gindinsa bukkoki huɗu. Wuta na ci a fili, ruwa na zuba a kanta, ba ta mutu ba, ba ta kuma hayaƙi. Ba kaza, ba kashin akuya a ƙasa. Sai da ya ɗan tsaya sannan ya gane abin da ya fi damunsa: duk ruwan nan, ko kwaɗo ɗaya ba ya kuka.

A gefe an kafa ƙananan turaku a jere, kowanne da kaskonsa wankakke.

"Na karnuka ne?"

"Na karnuka ne."

"Ina suke?"

"Ba sa zama."

Ta nuna masa bukka. An shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai laushi, kamar an san da zuwansu. Ya sauke Kwalli. Nan da nan ya zaro addarsa ya gicciya ta a bakin ƙofa, don ya ji manya na cewa mutanen ɓoye ba sa tsallake ƙarfe. Tsohuwar ta zo da akushi, ta kai bakin addar, ta tsaya cak. Ya lura. Ita ma ta ga ya lura.

"Ga tuwo."

"Na ƙoshi."

"Ga ruwa."

"Ina da gora."

"Yaya sunanka, ɗan nan?"

"Baƙo."

"Ita fa?"

"Karya."

Tsohuwar ta yi dariya. Bakinta bai buɗe ba.

Wallahi in don taka-tsantsan ne, Tunau ya yi iya yinsa. Bai ci ba, bai sha ba, bai ba da suna ba, bai juya wa ƙofa baya ba. Duk addu'ar da ya sani ya karanta, har wadda ya manta rabinta.

Ya kunna tocila. Na farko ya fito, Kwalli ta lashe shi. Wani ya biyo. Sai tocilar ta yi ja, ta yi ja, ta mutu. Ya bubbuga ta a tafinsa, a banza. Duhu ya rufe, ko hannunsa ba ya gani. Daga nan da kunne kawai yake bin abin: nishi, lasa, 'yar ƙaramar tsuwa.

Can sai nishin ya canza. Kwalli ta yi wani kuka da bai taɓa ji ba. Ta yunƙura, shiru. Ta sake yunƙurawa, shiru. Ya shafa cikinta, ya ji shi tauri kamar dutse.

"A gicciye ya zo," in ji muryar. Tsohuwar na waje, amma kamar a wuyansa take magana. "Za ta mutu."

"Ki yi shiru, Iya."

"Ɗauke ƙarfen."

"Ba zan ɗauke ba."

"To."

Ruwa na zuba. Numfashin Kwalli na raguwa. Ya gwada da yatsunsa, bai san abin da yake taɓawa ba, sai ƙara mata ciwo yake. Sannan ta lalubo hannunsa ta lasa, sau ɗaya. Harshenta ya yi sanyi.

Mutumin da bai taɓa yarda da ɗan'adam ba, ranar ya miƙa hannu ya janye addar.

Wani sanyi ya shigo, irin na cikin rijiya. Bai ji takunta ba, sai dai ya ji ciyawa ta motsa kusa da gwiwarsa. Yatsunta suka gogi nasa, dogaye, sun fi ƙarfin jikinta. Ta yi wata magana ƙasa-ƙasa da harshen da bai sani ba. Kwalli ta yi ƙara.

"Ya fito," in ji tsohuwar.

Daga nan abin ya zo da sauƙi. Tsuwa ta ƙaru. Numfashin Kwalli ya dawo daidai, ya ji ta ci gaba da lasa. Hawaye suka zubo masa, bai ma share ba.

"Nawa ne?" in ji tsohuwar.

To a nan ku buɗe kunne. A gidan su Tunau, tun kakanninsu masu farauta, ba a ƙirga 'ya'yan kare sai sun buɗe ido. Sun ce in ka ƙirga su suna makafi, ka nuna wa mutuwa su, ɗaya bayan ɗaya za ta ɗebe. Ko a zuci ba a ƙirgawa. Tun haihuwar farko yake kawar da hankalinsa don kada lissafi ya shiga kansa. Da ya ji tambayar sai ya ce a ransa, yawwa, ga tarkon. So take ya ƙirga da bakinsa.

"Mu ba ma ƙirga su sai sun buɗe ido," in ji shi.

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Ashe," in ji tsohuwar. "Al'ada mai kyau."

Sanyin ya fita. Tunau ya yi wuf ya mayar da addar. Har wani daɗi ya ji, wai ya fi ta wayo.

Bai runtsa ba. Can ya fara jin muryoyi a waje, da yawa, ƙasa-ƙasa, kamar ana taruwa.

"Ta sauka?"

"Ta sauka."

"Namijin fa?"

"Ba ruwanmu da shi."

Ashe ba shi suke so ba, Kwalli suke so. Ya durƙusa ya shiga laluben ciyawa. Duk abu mai ɗumi da hannunsa ya taɓa, sai cikin jaka. Ya bi ciyawar nan lungu-lungu har sau uku, bai bar komai ba. Ya ɗauki adda, ya kinkimi Kwalli. Sai ta ƙi. Ta turje, ta yi kuka, ta juya ta kafa masa haƙori a dantse. Kwalli fa, da ko wasa ba ta taɓa cizonsa ba. Ya ce a ransa, sun fara juya mata kai. Ya ƙara ƙanƙame ta ya fito.

Mutane ne zaune kewaye da wutar. Dukkansu sun ba shi baya. Duk ta inda ya bi, bayansu yake gani. Tsohuwar na tsaye a gindin gawo, hannayenta biyu cikin mayafi.

"Tun yanzu?"

"Hanya da nisa, Iya."

"To a sauka lafiya."

Shi ke nan. Ba wanda ya tare shi, ba wanda ya biyo shi. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali, don shi a saninsa ɓarawo ba ya sallamar kaya da fatan alheri. Bai waiga ba. Kwalli ce ke waige, tana kuka, tana zillo. Ya yi ta tafiya, yana faɗuwa yana tashi, har ƙafarsa ta shiga ruwa. Yana hawa ɗaya gaɓar, kukan kwaɗi ya ɓarke ko'ina. Bai taɓa jin abu mai daɗinsa ba.

Da hantsi suka isa Tungar Ɓaure. Mai gonar ya ba shi bukka a tsakiyar masara. Ya juye jakar a kan buhu, ya kawar da ido, Kwalli ta kwanta suka kama nono. Ya ce alhamdulillahi, mun tsira.

Da magariba ta yi, Kwalli ta tashi ta tsaya a bakin bukka, ta fuskanci hanyar da suka biyo, ta fara kuka. Ya ɗaure ta. Da safe ya ga igiya a tsinke. Sai ga ta tana dawowa, jiƙe sharkaf, taɓo har ciki. Ya sa igiya mai kauri, ta cinye ta. Ya samo sarƙa. Daren nan ta yi ta fizga har wuyanta ya yi jini, ta ƙi cin abinci, ta ƙi shayar da 'ya'yan. Da ya ga za su mutu, dole ya kwance ta. Kullum haka: magariba ta tafi, asuba ta dawo, ta kwanta ta shayar. Tana ta ramewa.

Ya kai ta wurin malami, aka yi tofi. Ya turara mata hayaƙi. Duk a ganinsa jifa aka yi mata.

Rana ta goma sha biyu 'yan kwikwiyon suka buɗe ido. Ya zauna ya ƙirga su. Huɗu. Lafiyayyu, ɓul-ɓul. Yana cikin murna idonsa ya kai kan cikin uwar. Ya san cewa kowane ɗan kwikwiyo yana da nonon da yake kamawa, wanda ba a sha sai ya janye ya bushe. Ya ƙirga waɗanda ake sha.

Biyar.

Ya sake ƙirgawa. Biyar.

Sai ya tuna hannayen tsohuwar cikin mayafi. Ya tuna tambayar. Ba so take ya ƙirga ba. So take ta ji ko ya ƙirga.

Da rana tsaka ya koma, shi kaɗai, da gudu-gudu. Ya sami gawon a tsaye, ba ganye ko ɗaya. Ba bukka, ba toka, sai ciyawa har ƙugu. A gindin bishiyar akwai wani ɗan gurbi inda ciyawa ta kwanta. Ya sa hannu, da ɗumi. Yana durƙushe ya ji tsuwar ɗan kwikwiyo, kusa ƙwarai, kamar a cinyarsa. Ya laluba, iska kawai.

"Iya," in ji shi. "Iya, don Allah ki ba ni shi."

Ya ƙara matsawa kusa da gurbin.

"Sunana Tunau. Ga sunan nan na ba ki. Kawo tuwon ma in ci. Ki ba ta ɗanta."

Har rana ta karkata yana roƙo. Ba wanda ya amsa. Me za su yi da sunansa? Sun riga sun sami abin da ya fi sarƙa.

Kwalli ta shayar da huɗun nan har suka fara cin tuwo. Ba ta tauye su ko kwana ɗaya ba. Ranar da ta ga ƙaraminsu ya sa baki a kasko ya cinye nasa, ta zo ta kwanta a ƙafar Tunau tun azahar. Bai je korar birai ba ranar. Ya cire mata kaska, ya shafa kanta, yana ta yi mata magana. Da rana ta faɗi ta tashi. Ta kai bakin gona ta tsaya, ta waigo. Sarƙar na rataye kusa da hannunsa. Bai taɓa ta ba.

"Je ki," in ji shi. "Shi ne ba shi da kowa."

Da asuba ya fito ya zauna a bakin gona. Har rana ta take yana zaune.

Masu bin burtalin nan sun ce har gobe, in magariba ta same ka kafin rafin, za ka ji haushi. Wani lokaci wata jar karya ta fito gabanka tana kaɗa wutsiya, ta yi gaba kaɗan, ta waigo, kamar tana cewa biyo ni. Kada ku bi ta. Kada ma ku bi hanyar nan ku kaɗai, da kare ko ba kare. Shi kansa Baba Tunau, har ya tsufa ya rasu, in tafiya ta kama ta wajen sai an haɗa shi da mutum biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ba don yana tsoro ba. Don kowa ya san in ta fito ta waigo, zai bi ta.

Ku tashi ku kwanta. Wanda zai zaga bayan gida ya tashi ɗan'uwansa su tafi tare.